Kafin ka sayi sabon kwayil, goge kontak

Jama'a, idan tsohuwar taraktar lambu ta ƙi kawo wuta a filogi, kada ka ruga sayen kwayil, wato abin da ke ƙara ƙarfin wutar da ke zuwa filogi. Fara duba kontak.

Ina magana ne a kan injin Kohler na zubin K, irin wanda ke cikin Cub Cadet ta 1961 da John Deere 110 ta 1963, waɗanda masu tara su a Amurka ke ji da su.

Kwance ɗan murfin da ke gefen injin. Za ka ga ƙarafa biyu ƙanana suna haɗuwa suna rabuwa, su ne kontak. Tarakta idan ta shekara a ajiye, bakinsu yakan yi fari-fari ko kore, kuma wannan dattin kaɗai ya isa ya tare wuta.

Sa sanfefa mai laushi ka goge a hankali. Sai ka ja farar takarda a tsakani har ta fito tas, don ko ɗigon mai ya rage aikin ya ɓaci. Daidaita tazarar a inci 0.020, wato kusan rabin milimita, lokacin da suka buɗe iyakar buɗewa.

Ni da kaina na taɓa sayen kwayil a banza, har yanzu abin yana yi mini ciwo. Aikin minti goma ne ashe.

Amma fa idan bakin ya ƙone ya yi rami, guga ba ta magani. Galibi kondensa ce ta mutu, wato 'yar na'urar da ke kare kontak daga ƙonewa, canza ta tare da kontak ɗin. Haka idan kwayil ya tsage ko mai na tsiyaya daga jikinsa, canza shi.

Kuma kashe makulli kafin ka sa hannu.