Raga, Zobe da Littafi: Yadda Ake Sa wa Tsuntsayen Daji Zobe a Kewayen Accra

Daga watan Satumba tsuntsayen da suka yi ƙyanƙyasa a Turai suke fara sauka a gaɓar tekun Ghana, su zauna har Maris ko Afrilu. Sakumono da ke kusa da Tema da bakin kogin Densu a yammacin Accra suna cikin dausayoyin da aka sa a yarjejeniyar Ramsar ta kare dausayoyin duniya a 1992 saboda irin waɗannan baƙi. Zoben da ake maƙala wa tsuntsu a ƙafa yana ɗauke da adireshi da lambar da babu mai irinta, ta yadda duk inda aka sake ganinsa za a san hanyar da ya bi da shekarun da ya yi.

Wannan aiki sai da izinin Sashen Namun Daji na Hukumar Gandun Daji, kuma sai a ƙarƙashin wanda ya ƙware. Mai sha'awa ya tuntuɓi Ghana Wildlife Society ko masu binciken tsuntsaye na jami'ar Legon. Sabon shiga yakan fara da riƙe littafi da ɗaukar jaka. Kada ya ga an raina shi, ta nan kowa ya bi.

Rana tana fitowa wajen ƙarfe 6 a Accra kusan duk shekara, kuma kafin nan ake so raga ta buɗe. Wanda zai taso daga Nima ko Madina gara ya yi Asuba a filin aiki. A haɗa kaya tun dare: raga mai tsawon mita 12 ko 18, mai ido milimita 16 don ƙananan tsuntsaye, sandunan gora, igiya da turaku, jakunkunan yadin auduga masu zare a baki kamar 30, zobba a jere bisa lamba, filayar zobe, rula mai tokare a kai, sikeli mai auna har kashi ɗaya cikin goma na giram, tocilar goshi, ruwan sha da fensir. Biro yana zuba idan takarda ta jiƙe.

A kafa raga inda duhun itatuwa yake bayanta, don tsuntsu yana hango wadda ta fito fili. A sare ciyawar ƙasa, kuma aljihun ragar na can ƙasa ya ɗaga yadda ko tsuntsu mai nauyi ya faɗa ba zai taɓa ƙasa ko ruwa ba. A bakin dausayi a lura da cikar teku. Wurin da yake busasshe da asuba yana iya zama tafki da hantsi.

Raga ba tarko ba ce da za a ɗana a tafi shan koko. A nan ne ake asarar tsuntsu, kuma kusan kullum jinkiri ne sanadi. Duk minti 20 zuwa 30 a zagaya, idan rana ta fara zafi a koma minti 15. Ɗan tsuntsu mai giram 9 da ya rataya a rana zai buɗe baki yana haki, idonsa ya lumshe, kafin a ankara ya tafi. Ga kwarkwasa da ke hawa sanda, ga tunku da mage, ga shaho da yake ganin an shirya masa kalaci. Yayyafi ya fara ko iska ta tashi, a rufe nan take: jiƙaƙƙen gashi ba ya riƙe ɗumi, iska kuma tana ɗaure zare a fiffike. Yawancin ranaku kafin ƙarfe 10 an naɗe. Kada a kafa ragar da ta fi ƙarfin hannuwan da ake da su.

Wajen cirewa, fara da gano gefen da tsuntsun ya shigo, domin ta nan zai fita. Nemi cikinsa, inda babu zare. Ƙafafu tukuna, a riƙe su sama da gwiwa, sai fiffike ɗaya, sai ɗayan, kai ya zo ƙarshe. Wani lokaci zare yakan sarƙe harshe. Da tsinke ake zame shi, ba a ja. Idan minti biyu ko uku suka wuce abin ya gagara, ka ce "Malam, zo ka duba," ko a yanke zaren. Raga tana ɗinkuwa.

Tsuntsu ɗaya jaka ɗaya, a rataye a inuwa, kada a ajiye a ƙasa inda za a taka. Riƙonsa kuwa: bayansa a tafin hannu, wuyansa tsakanin manuniya da ɗan yatsan tsakiya, sauran yatsun su kewaye jiki sako-sako. Da ƙirji yake numfashi, matsi kaɗan ya isa ya kashe shi.

Ba a sa zobe sai an tabbatar da irin tsuntsun. Wanda aka kasa ganewa a sake shi haka. Zoben ya rufe bakinsa daidai, ba giɓin da zai kama zare, ba gefe ya hau gefe, kuma ya riƙa juyawa a ƙafa ba tare da ya zame kan yatsu ba. Tsuntsayen bakin teku ana sa musu na ƙarfe mai tauri, saboda gishiri da yashi suna cinye alminiyam har lamba ta goge. Mai zobe ya karanta lamba da ƙarfi, mai littafi ya maimaita. Sai tsawon fiffike a milimita, da nauyi, da kitse. A hura gashin ƙirji a hankali, za a ga kitsen rawaya-rawaya a ramin wuya ta cikin fata, a ba shi maki daga 0 zuwa 8. A watan Maris za ka ga ramin ya cika har ya tudu: guzurin tsallake Sahara ke nan. Duk wannan bai kamata ya wuce 'yan mintuna ba. Wajen saki a buɗe hannu kusa da ƙasa, ba a jefawa sama.

Wanda aka kama da zoben wata ƙasa, mai rubutun Landan ko Arnhem na ƙasar Holan ko Helgoland na Jamus, ba a cire masa ba a ƙara masa. Mutum biyu su karanta, a ɗau hoton kowane gefe, a aika wa ofishin da ke kan zoben da rana da wuri. Masu zobba masu launi ko 'yar tuta a ƙafa ba sai an kama su ba. Da madubin hangen nesa ake karantawa, ƙafar hagu kafin dama, daga sama zuwa ƙasa.

Da an dawo gida a shanya raga, a juya jakunkuna a wanke. Murar tsuntsaye ta ɓulla a Ghana a 2007 a yankin Tema, kuma gidajenmu na zango ba sa rasa kaji ko tantabaru. A wanke hannu da sabulu kafin a taɓa abinci, takalmin fili kuma ya tsaya a ƙofar gida, nesa da akurki.