Yadda Za Ki Kare Gwiwarki Idan Gajiya Ta Kama Ki A Gudu

Gwiwa ta fi shiga hatsari a ƙarshen gudu, sa'ad da numfashi ya yi sama, ƙafa ta yi nauyi. Tsokokin da ke riƙe da ita, wato huɗun nan na gaban cinya, da na bayan cinya, da ta gefen ƙugu, idan sun gaji sukan makara wajen ɗaurewa. Ƙafa ta dira, tsoka ba ta shirya ba, sai nauyin jiki ya faɗa wa jijiya da ƙoƙon gwiwa. Mu mata abin ya fi shafarmu, domin da yawanmu mun fi dogara da tsokar gaba, mun bar ta baya a raunane. Wannan na cikin dalilan da suka sa tsinkewar jijiyar ACL, wadda ke cikin gwiwa tana haɗa ƙashin cinya da na ƙwauri, ta fi yawa ga mata 'yan ƙwallo fiye da maza.

Ki fara da gwada kanki, ni a wurina nan ne tushen komai. Kafin ki fita, tsaya gaban madubi da ƙafa ɗaya, ki ɗan durƙusa sau 5 a hankali. Ƙoƙon gwiwa ya riƙa kallon yatsar ƙafarki ta biyu. Da kin dawo, gumi bai bushe ba, ki maimaita. In kika ga gwiwar na karkata ciki tana neman 'yar'uwarta, ko ƙugu ya sauka gefe guda, ko cinya na rawa, to nisan da kika yi ya fi ƙarfin tsokarki a yanzu. Ki rage shi.

Sai ƙarfafa tsokar bayan cinya da ta gefen ƙugu, sau 2 a mako. Kwanta rigingine kan tabarma, ki lanƙwasa gwiwa, ki ɗaga ƙugu sama sau 12. Juya gefe, ki ɗaga ƙafar sama a miƙe sau 12, ki sauya. Zafin aikin a gefen mazaunai za ki ji shi; in a gaban cinya kika ji, ƙafar ta yi gaba da yawa.

A kan hanya kuwa, ki saurari takunki. Da ya fara ƙara tim-tim, gajiya ta iso. Taƙaita taku, ki yawaita shi: ƙarin kashi 5 zuwa 10 cikin 100 a minti yana rage wa gwiwa nauyi. Gangare da tsallake kwalbati da juyin gaggawa kada su zo a ƙarshe. Nisa ma a hankali ake ƙara shi, mako bayan mako.

Don Allah, 'yar'uwa, in kika ji ƙas a cikin gwiwa, ta kumbura cikin 'yan awanni, ko tana sulluɓewa in kin taka, kada ki tsaya shafa man zafi. Ki ɗora ƙanƙara a naɗe cikin tawul na minti 15, ki je likitan ƙashi ya duba.