Yadda Ake Neman Digirin Bincike Kan Kwatanta Addinai a Harshen Tamil

A jihar Tamil Nadu ta kudancin Indiya, 'yan Hindu masu bautar Shiba da masu bautar Bishnu, da 'yan Jain, da mabiya Buddha, da Musulmi, da Kirista, duk sun rubuta addininsu cikin harshe ɗaya, wato Tamil. Shi ya sa mai son kwatanta addinai yake samun abin yi a can. Ga hanyar da zai bi.

Mataki na farko shi ne harshen, kuma a nan mutane da yawa ke karaya. Baƙaƙen Tamil 18 ne, wasula 12, sai alama guda ta musamman. Idan aka haɗa baƙi da wasali jimillar ta kai 247. Wannan aikin 'yan makonni ne. Inda gizo ke saƙar shi ne Tamil ɗin littafi ya yi nisa da na kasuwa, tsohon Tamil na waƙoƙin addini kuma ya sake yin nisa da su duka biyun. Wanda ya haddace nahawun Larabci sannan ya sauka Alƙahira ya ji direban tasi yana magana, ya san irin wannan tazara. Ka fara tun kana gida da darussan intanet na Tamil Virtual Academy da ke Chennai. A ganina, kada ka cike takardar neman gurbi sai ka ba harshen shekara guda cur.

Na biyu, ka san digirin da kake nema. Indiya ta soke M.Phil, wato digirin bincike da ke tsakanin na biyu da na uku, a dokokin 2022 na hukumar kula da jami'o'inta, UGC, don haka kada wani dillali ya ruɗe ka da shi. Abin da ya rage shi ne digirin digirgir, wato PhD: ana son digiri na biyu da maki kashi 55 cikin ɗari, karatun kuma shekara uku ne aƙalla, shida a ƙarshe.

Sai zaɓen jami'a. Jami'ar Madras, wadda aka kafa a 1857, tana da sassan nazarin Saiva Siddhanta (aƙidar masu bautar Shiba), da Vaishnavism (ta masu bautar Bishnu), da addinin Jain, da Kiristanci, da cibiyar nazarin Musulunci. Jami'ar Madurai Kamaraj, ta 1966, ita ma ta haɗa addinai da falsafa a tsangaya ɗaya. Jami'ar Tamil ta Thanjavur, ta 1981, ta fi dacewa da mai son tsofaffin rubuce-rubuce na ganyen giginya. Kafin komai, ka rubuta wa malamin da kake so ya duba aikinka, ka tambaye shi ƙarara: da wane harshe ake kwas, da wanne kuma za a rubuta kundi? Ka karɓi amsar a rubuce.

Yanzu ga batun bincike, wanda shi ne zuciyar aikin. Kada ka ce za ka kwatanta Musulunci da addinin Hindu gaba ɗaya. Wannan kogi ne da ba a ganin gaɓarsa. Ka ɗauki matani biyu. Wani mawaƙi Musulmi, Umaru Pulavar, ya tsara tarihin Annabi (SAW) a waƙe cikin Seerapuranam, baiti sama da 5,000. Wani fada ɗan Italiya, Constanzo Beschi, ya tsara Thembavani a ƙarni na 18 kan Yusufu mijin Maryamu. Dukansu sun ɗauki salon manyan waƙoƙin Tamil suka zuba saƙon wani addini a ciki. Wace kalma kowannensu ya zaɓa wa Ubangiji, wacce kuma ya guje wa? Wannan tambaya kaɗai ta isa kundi.

Akwai kuma ƙofar da Bahaushe zai shiga da sauƙi fiye da kowa. Musulmin garuruwan gaɓar teku irin su Kayalpatnam da Kilakarai sun daɗe suna rubuta Tamil da haruffan Larabci, suna kiransa Arwi. Ajaminsu ke nan. Sun ƙara ɗigo da alamu don sautukan da Larabci ba shi da su, kamar yadda malamanmu suka yi. Wanda ya tashi da karanta waƙoƙin wa'azi da ajami zai gane dabarar da zarar ya ɗora ido, kuma ina matuƙar son in ga ɗalibi daga Kano ko Damagaram ya jera rubutun nan biyu gefe da gefe.

Sauran takardu ne. Ka tanadi sakamakon digirorinka da shaidar cewa sun yi daidai da na Indiya, da taƙaitaccen tsarin bincikenka. Don tallafin karatu, ka duba na ICCR, hukumar hulɗar al'adu ta Indiya, wadda ke da kaso na ɗaliban Afirka. Bizar bincike ake nema, tana kuma buƙatar takardar karɓa daga jami'a, don haka ka fara da wuri. Idan ka sauka, ka yi rajista da ofishin kula da baƙi, FRRO, cikin kwana 14.

Da ka zauna, kada ka maƙale a ɗakin karatu. Ka je Nagore, inda Musulmi da 'yan Hindu ke ziyartar hubbaren waliyyi ɗaya, sannan ka ƙarasa cocin Velankanni da ke kusa. Ka tafi da littafin rubutu, ka nemi izini kafin ka ɗauki muryar kowa.