Matakan Shiga Navy Federal a Amurka Bayan Karayar Arziki

Navy Federal ƙungiyar ajiya da ba da bashi ce ta sojojin Amurka. Da farko, ka tanadi takardar kotu da ta sauke maka bashi, tare da takardar DD-214 (ta sallama daga aikin soja) idan kai tsohon soja ne. Iyalan sojoji ma suna da damar shiga. Sannan ka nemi rahotonka na ChexSystems (kamfanin da ke ajiye tarihin asusun bankin mutane), wanda ake bayarwa kyauta sau ɗaya a shekara.

Mataki mafi nauyi shi ne wannan: idan cikin bashin da aka yafe maka akwai na ƙungiyar kanta, tana iya ƙin karɓarka har sai ka biya asarar da ka jawo mata, don haka ka tambaya tun kafin ka cike fom.

Bayan nan ka buɗe asusun ajiya da dala 5, ka nemi katin bashi mai jingina (wanda za ka ajiye kuɗi a matsayin jinginarsa), ka riƙa biya a kan kari, domin karayar Babi na 7 (nau'in karayar arziki a dokar Amurka da kotu ke yafe bashi) tana zama a rahoton bashinka har shekara 10.