Kafin Ki Saki Fejin Farko a Waya

Ƙanwata, idan labari ya daɗe yana yi miki yawo a ka har kin fara tunanin buɗe zaure a WhatsApp ki riƙa saki feji-feji, ki dakata ki saurare ni tukuna. Da ke nake magana saboda mata ne suka fi yawa a wannan harka, masu rubutu da masu karatu, amma namijin da ke son shiga shi ma ya ɗebi rabonsa.

Kada ki saki ko layi ɗaya sai kin san inda labarinki zai ƙare. Yayyenmu da suka yi rubutu a shekarun 1980 da 1990, lokacin da littattafan soyayya suka cika shagunan Sabon Gari a Kano, sai sun kammala littafi na ɗaya a takarda, sun duba, sun gyara, kafin ya je maɗaba'a. Ke ba ki da wannan sararin. Da zarar kin danna tura, fejin ya bar hannunki, kafin gari ya waye an watsa shi zauruka da yawa waɗanda ba ki ma san da su ba. Idan a feji na 4 kin ce mahaifin yarinya ya rasu tana goye, a feji na 40 ba ki da halin dawo da shi ya ɗaura mata aure. Masu karatu ba sa mantuwa, za su tono miki tsohon fejin su ajiye a gabanki.

Don haka ki samu littafin rubutu na makaranta, ki ware shafi ɗaya ki rubuta abin da ya tayar da rigimar labarin, abin da ya dagula ta, da yadda ta warware. A wani shafin ki jera sunayen mutanen labarin, shekarunsu, garinsu, da wane ne ɗan wane. Gidan da ke da mata uku da 'ya'ya goma sha, in ba ki rubuta ba, ke da kanki za ki rikita ɗakunan.

Bayan haka sai ajiya. Ki tara feji 15 ko 20 gamammu, gyararru, kafin ki yi sanarwa. Wannan ita ce shawarar da na fi so ki riƙe, domin rubutun kashi-kashi alkawari ne tsakaninki da mutanen da ba ki taɓa gani ba. Kin ce musu Litinin, Laraba da Asabar bayan sallar isha'i, to akwai matar da za ta kwantar da yara da wuri, ta jona waya a caji tun la'asar, tana jiran ki. Ita kuwa rayuwa ba ta san kin yi alkawari ba: za a ɗauke wuta kwana biyu, data za ta ƙare, yaro zai kwana da zazzaɓi, biki zai taso a dangi, jarrabawa za ta zo. Ranar da hakan ta faru, daga ajiya za ki ɗauko ki tura, babu wanda zai san halin da kike ciki. Gara ki ce sau uku a mako ki cika, da ki ce kullum ki riƙa ɓacewa kina dawowa da ban haƙuri. In azumi ya gabato kuma kina son ki tsaya, kamar yadda marubuta da yawa ke yi, ki faɗa tun da wuri, ki faɗi ranar dawowa bayan sallah.

Kada ki yi taifin kai tsaye a cikin WhatsApp. Ki rubuta a manhajar rubutu irin Google Docs ko WPS Office, ki riƙa tura wa kanki kwafi ta imel duk ƙarshen mako. Na san wata baiwar Allah da aka fizge wa waya a cikin adaidaita sahu, littafinta ya kai rabi, kuma babu shi a ko'ina sai a wayar nan. Sai da ta bi masu karatu tana roƙon su turo mata fejukanta, waɗanda ba ta riga ta saki ba kuwa sun tafi ke nan. Ki sa Hausa a madannin Gboard don ki samu ɓ da ɗ da ƙ, ki koyi raba kalmomi, ki buɗe sabon layi duk lokacin da wani ya karɓi magana. A ƙaramin gilashin waya ake karanta ki, rubutun da ya cunkushe babu sarari yana gajiyar da ido.

Wajen saki, kowane dandali da amfaninsa. Zauren WhatsApp ya fi kusanci, a nan za ki ji numfashin masu karatu, amma mutum 1,024 kawai yake ɗauka, kuma wadda ta shigo yau sai ta yi ta roƙon a turo mata daga farko. Wattpad, wanda aka kafa a Toronto ta ƙasar Kanada a 2006, yana jera miki babi-babi a tsare, mai zuwa bayan shekara biyu ma za ta samu littafin cikakke. Facebook na kawo sababbin idanu. ArewaBooks kuma an gina shi ne domin littattafanmu, ana iya sayarwa a ciki. Ni dai shawarata ki haɗa biyu: wuri ɗaya na hira da jama'a, wuri ɗaya na adana littafin a jere. Amma kada ki ɗauki kowane dandali a matsayin rumbunki. OkadaBooks da aka buɗe a 2013, marubutan Hausa da yawa sun zuba littattafansu a can, a 2023 ya rufe.

Yanzu ga abin da ya fi cin raina, wato yadda ake buɗe labari. Sau tari za ki ga fejin farko ya tafi gaba ɗaya a kan asali: Alhaji wane ɗan asalin gari kaza ne, matansa uku, uwargida 'ya'yanta bakwai, ga sunayensu. Mai karatu ba ta san kowa ba tukuna, me zai sa ta haddace sunayen 'ya'yan uwargida? Gwada wannan: "Ranar da aka kawo lefen Hafsatu, akwati shida, gida ya cika da guɗa, Inna ce kaɗai ba ta fito daga ɗaki ba." Layi ɗaya ne, amma an san akwai aure, an san akwai uwa, an san akwai abin da uwar ta sani wanda sauran ba su sani ba. Asalin gidan zai fito da kansa a hankali, ta bakin masu gulma a tsakar gida, ta yadda kishiya ta kalli akwatunan.

Ƙarshen feji shi ma haka. Ba sai an yi hatsarin mota ko wata ta yanke jiki ta faɗi ba, an yi wannan har an gaji. Ki tsaya a daidai inda wani abu ya sauya. A labarin nan, bayan baƙi sun watse, Inna ta fito cikin dare ta buɗe akwati na ƙarshe, ta ɗaga turmin atamfar da ke sama, sai ga hoto irin wanda ta ƙona da hannunta tun Hafsatu ba ta yi wayo ba. Nan za ki ajiye alƙalami. Kuma fejin gaba ya biya bashin da wannan ya ci, kada ki tsallake zuwa wani gida ki bar mutane a rataye har mako guda.

Sharhi zai zo, mai daɗi da mai ɗaci, wani lokacin kuma shiru. Shirun ya fi ciwo, na sani. Amma don Allah kada ki shiga sahun masu cewa in ban ga sharhi ba na daina. Yawancin masu karanta ki ba za su taɓa cewa uffan ba, suna nan dai suna bi. Idan mutum biyar suka rikita jarumai biyu, wannan gyara ne, ki karɓa. Idan kuwa cewa suke ki kashe kishiya, ko ki mayar da aure tun ba a je ko'ina ba, ki yi godiya ki ci gaba da tsarinki. Haka in suka ce ki ƙara tsawo don daɗi: labarin da ya kamata ya ƙare a feji 60, in kika ja shi zuwa 120, kamar miyar da aka yi ta ƙara wa ruwa ne don baƙi sun ƙaru. Za kuma a ce miki batsa ce ke tara jama'a da sauri. Tana tarawa. Sai dai ki tuna 'yan matan sakandare na karantawa a wayar iyayensu, kuma rubutun zai daɗe yana yawo da sunanki a kai. Ana iya rubuta soyayya da zaman aure har su taɓa zuciya ba tare da an yaye labule ba.

Maganar kuɗi, littafinki na farko ki bayar da shi kyauta, ki kai shi ƙarshe. Shi ne shaidarki. A na biyu ko na uku za ki iya sa kuɗi: ki saki fejukan ɗanɗano, ki faɗa tun a feji na 1 cewa na kuɗi ne da nawa za a biya, kada sai labari ya ɗauki zafi ki rufe ƙofa. A 'yan shekarun baya, farashin da aka saba gani yana tsakanin naira 300 zuwa 1,000. Ki rubuta sunan duk wadda ta biya da ranar da ta biya. Ki tanadi hanya domin masu karatu na Nijar, suna da yawa kuma suna da amana, ko ta katin waya ko ta kamfanonin aika kuɗi irin su Nita da Amana, ta hannun wanda kika yarda da shi a can. Kada ki karɓi kuɗin mutane a kan littafin da ba ki kusa gama rubutawa ba, hakki ne.

Za a fitar miki da littafi, wannan ki sa a ranki. Wata za ta biya ta tura wa zaure goma. Ki sa sunanki da sunan littafin a saman kowane feji da tsakiyarsa, ki ajiye ainihin rubutunki mai ɗauke da kwanan wata. Dokar haƙƙin mallaka ta Nijeriya da aka sa wa hannu a 2023 ta shafi abin da aka wallafa a intanet, kuma littafi naki ne tun ranar da kika rubuta shi. Idan mai tashar YouTube ya nemi ya karanta shi da murya, ku yi yarjejeniya a rubuce: nawa zai biya, a tasha ɗaya ce ko fiye, na tsawon wane lokaci, kuma zai ambaci sunanki a farkon kowane kashi.