Kurakuran da muke tafkawa wajen ɗauko mai kula da tsofaffinmu a gida

A Kaduna yanzu gidaje da yawa zaka shiga ka tarar da Hajiya ko Baba su kaɗai a ɗaki, ɗa yana aiki a Abuja, 'ya tana gidan miji a Zariya, wanda ke gari kuma tun safe ya fita sai bayan isha'i. Neman mai taimako ba abin kunya bane ko kaɗan, inda muke ɓata lamarin shine wajen zaɓe.

Kuskuren da yafi ci min rai shine a ɗauko 'yar aiki a ce ita ce mai jinya. Yarinya 'yar shekara 13 ko 14 an kawota daga ƙauye, ita ce shara ita ce wanke-wanke, sannan ita zata ɗaga tsohuwar da ɓarin jikinta ya shanye ta kaita banɗaki, wallahi an zalunci yarinyar an kuma jefa tsohuwar cikin haɗari, in suka zame su biyu a tayil ƙashin ƙugu ne zai karye, kuma karayar ƙugu a tsufa sau da yawa ita ke kwantar da mutum gaba ɗaya. Kafin ku nemi kowa ku zauna ku rubuta abin da Hajiya bata iya yi da kanta. In hira ce da girki da tuna mata magani, dattijuwa mai haƙuri ta isa. In akwai wanka da canza famfas da juyata a gado, sai wadda ta taɓa yi kuma tana da ƙarfi. In kuma akwai wankin ciwo, robar fitsari ko allurar insulin, wannan aikin nas ne. Ranar da za a sallameku daga asibitin Barau Dikko ko na sojoji na 44 ko na Yusuf Ɗantsoho ku tambayi likita ƙarara wane irin mutum ake buƙata a gida, kuma ba dole nas ta tare ba, tana iya zuwa wasu ranaku a sati, mai zama kuma ta riƙe sauran.

Farin yunifom fa ba shaida bane. Duk wadda tace ita nas ce ta nuna lasin ɗinta na hukumar nas-nas da ungozoma ta ƙasa, wato Nursing and Midwifery Council of Nigeria, ku duba ko bai ƙare ba. Wadda ba nas ba ma kar ku tsaya a "ai maƙwabciyarmu ce ta kawota", ku karɓi NIN, ku san gidansu, a samu mai tsaya mata wanda mai unguwa ya sani, ku kira gidan da ta bari ku ji me ya rabasu. Sannan a fara da gwajin sati biyu.

Wani abu da muke yi, sai mu gama shawara a guruf ɗin WhatsApp na family mu manta da mai jikin. Baba da ya shekara yana limanci a unguwa ka kawo masa budurwa ta yi masa wanka, zai ƙi, sai a ce rigimar tsufa ce alhali kunya ce. Namiji ga namiji, mace ga mace in dai da hali. A tambayeshi wa yake so, a samo mai jin yarensa, wanda zai kama masa ya yi alwala a kan lokaci, ya san kununsa da tuwonsa.

Sai rashin koyarwa, a miƙa mata ledar magani kawai a ce safe da dare. Dan Allah ku rubuta a takarda ku manna a bango, wane magani, ƙarfe nawa, kafin abinci ko bayansa, da lambobin waya da na mai mota ko mai Napep na kusa da za a iya tasa cikin dare. Wanda baya iya juyawa da kansa ana juyashi kamar duk awa 2, in ba haka ba bayansa da ƙugunsa da dunduniya su fara ja su zama gyambo. Mai ciwon suga in ya fara gumi da karkarwa da ruɗewa, ƙila sugan ne ya faɗi, in yana iya haɗiya a bashi ruwan suga a kira ku, in ya suma kar a ɗura masa komai. Baki ya karkace, hannu ya saki, magana ta sarƙe, asibiti kai tsaye, ba kemis ba, ba jiran Yaya ya dawo daga ofis ba.

Maganar kuɗi kuma mu ji tsoron Allah. Tun 2024 mafi ƙarancin albashi a ƙasar nan naira 70,000 ne, amma sai a ba mutum abin da bai kai rabinsa ba a ce ya kwana ya wuni a kan mara lafiya babu hutu. Wanda bai yi barci ba zai yi tsawa, zai manta magani. Ku yanka albashi a rubuce, ku biya a kan lokaci, a bata rana ɗaya a sati ɗayanku ya karɓeta. Katin ATM da fansho kuwa su zauna a hannun ɗan gida.

In gigin tsufa ya shigo, Hajiya zata iya ɓoye kuɗinta a ƙarƙashin katifa ta manta ta ce an sace, kar ku kori mutum kafin ku bincika, kuma ku kaita asibitin ƙwaƙwalwa na Barnawa a dubata, ciwo ne ba maita ba. Amma kar wannan yasa ku daina saurarenta. Ku riƙa faɗowa ba sanarwa, da rana ko da dare, ku ɗaga zanin gado ku duba, ku duba bayanta da hannuwanta ko akwai tabo, ku ƙirga ƙwayoyin magani, sannan ku aiki mai kular ta je kanti, ku tambayi Hajiya ku biyu kaɗai yadda ake riƙonta.