Yadda za ka buɗe takardar da aka turo maka ta intanet, ka buga ta ba tare da asara ba

Takardu da yawa yanzu ba a miƙa wa mutum su hannu da hannu, sai dai a ce an turo maka, je ka ciro. Ɗalibin jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo malami zai saka masa darasi a rukunin WhatsApp, mai neman aiki a aiko masa da takardar kira zuwa jarrabawa, ɗan kasuwar da ya yi odar kaya daga Kwatano ko Dubai kuma a waya zai karɓi rasit ɗinsa. Ofis kuwa har gobe takarda yake son gani, wadda za a sa wa hannu a buga mata hatimi. A tsakanin wayar nan da takardar ne mutanen Maradi ke tafka asara. Wani ya biya kuɗin bugu sau biyu, wani ya kai dosiye a dawo masa da shi don gefen shafi ya yanke. Kusan duk abu biyu ke jawo haka: mutum bai riƙe takardar yadda aka turo ta ba, kuma bai dube ta ba kafin a buga.

Fara sanin abin da aka turo maka

Dubi ƙarshen sunan fayil ɗin. In ya ƙare da .pdf, ka yi sa'a, shi ne ya fi sauƙin sha'ani. Kamfanin Adobe ne ya fito da PDF a 1993, a 2008 kuma hukumar ISO ta mai da shi ma'aunin duniya da kowa zai iya aiki da shi, shi ya sa manhajojin buɗe shi suka yi yawa, mafi yawansu kyauta. Amfaninsa shi ne shafi yana zama yadda mai shi ya tsara shi, ko a wace na'ura aka buɗe, domin galibi yana tafiya da samfurin haruffansa a ciki.

In ya ƙare da .doc ko .docx, takardar Word ce, ita kuma tana canza kama daga kwamfuta zuwa kwamfuta. Wasiƙar da ka tsara a shafi ɗaya sai ta zube zuwa na biyu a shagon mai bugu, wurin sa hannu ya koma shi kaɗai a sama. Mu masu rubuta Hausa abin ya fi shafar mu: ƙ da ɗ da ɓ kan rikiɗe su zama ƙananan akwatuna in na'urar ba ta da irin haruffan da ka yi rubutu da su, haka ma rubutun Larabci da na ajami kan hargitse. Don haka duk takardar Word da ka gama, mai da ita PDF kafin ta bar hannunka. A cikin Word ka shiga Fichier, ka zaɓi Enregistrer sous, a wurin nau'in fayil ka ɗauki PDF.

In kuwa sunan ya ƙare da .apk ko .exe, kada ka taɓa shi, ko da an rubuta masa "sakamakon BAC" ko "fom ɗin tallafi". Wannan manhaja ce da ke neman shiga na'urarka, kuma babu takardar gaskiya da ke zuwa a haka.

Saka manhajar buɗewa

A yawancin wayoyin Android ba sai ka saka komai ba, Google Drive da ke cikin wayar yana buɗe PDF da zarar ka taɓa fayil ɗin. In bai buɗe ba, shiga Play Store ka rubuta Adobe Acrobat Reader. Kafin ka danna Installer, duba ƙarƙashin sunan ka tabbata an rubuta Adobe a matsayin mai manhajar, domin masu kwaikwayo sun yi yawa, da jan tambari iri ɗaya, cike da talla. Bayan ta sauka za ta yi ta nuna maka tsarin biya. Ka rufe ka wuce, karatu da bugu ba sa buƙatar ko dala. Don takardun Word, WPS Office ko Microsoft Word na waya sun wadatar.

A kwamfuta ma manhajojin shiga intanet, Chrome da Edge da Firefox, duk suna buɗe PDF da kansu, kuma ga yawancin mutane hakan ya isa. Amma akwai takardun da sai Adobe Reader ɗin kanta. Wasu fom-fom ɗin neman bizar Kanada, alal misali, in ka buɗe su a Chrome shafi ɗaya za ka gani yana cewa ka jira, kuma ko ka kwana kana jira ba za su fito ba. Mai irin wannan buƙata ya buɗe get.adobe.com/reader, ya rubuta adireshin da hannunsa maimakon bin sakamakon bincike na farko, wanda sau da yawa talla ne. A shafin akan sa wasu ƙarin manhajoji da aka riga aka yi wa alama, ka cire alamar, sannan ka danna Télécharger. Fayil ɗin zai faɗa jakar Téléchargements. Danna shi sau biyu, Windows za ta tambaye ka izini, ka amsa da Oui, ka bar shi ya gama.

Sai dai Adobe Reader tana da nauyi, tana cin ɗaruruwan mega, kuma tsohuwar kwamfuta irin ƴar hannu da aka sayo daga Kano takan yi nishi da ita. Ni a irin wannan na'ura SumatraPDF nake ba mutane shawara. Kyauta ce, ba ta kai mega 20 ba, tana buɗewa nan take, ana samun ta a sumatrapdfreader.org. In ka sauke, adana fayil ɗin sakawar a kile, ƴar ma'ajiyar nan ta USB da ake soka wa kwamfuta, ka huta da sake ƙona forfe ranar da aka wanke kwamfutar. Wanda ba shi da Word kuma ya saka LibreOffice, kyauta ce, tana buɗe takardun Word da Excel, ta fi masa alheri a kan Word ɗin sata da ke zuwa da cuta.

Saura abu ɗaya: gaya wa kwamfutar da wace manhaja za ta riƙa buɗe PDF. Danna kowane fayil na PDF da maɓallin dama na linzami, zaɓi Ouvrir avec, ɗauki manhajar, ka sa alamar a riƙa amfani da ita kullum.

Sauke takardar, kada ka ɗauki hoton allo

Nan ne na fi son a tsaya. Yaro zai shigo shago da wayarsa, ya ce, "Malam, ga konbokasiyo ta, a buga mini." Mai shagon ya karɓa ya duba, sai ya ga hoton allo ne, ga agogon waya da alamar batir a sama, ƙasan takardar babu. Ya ce, "Ƙanena, ina asalin fayil ɗin?" Yaron ya ce ai wannan ce, abokinsa ne ya ɗauko masa. In an buga haka, rubutu ya fito dishi-dishi, lambar ɗan takara ba a bambance 3 da 8, ɗan murabba'in nan na QR da ake haskawa a ƙofa kuma ya ƙi karantuwa. Hoton allo girman fuskar waya ne kawai, in aka ja shi ya cika takarda dole ya dushe.

Abin yi shi ne ka nemi alamar saukewa, kibiya mai kallon ƙasa, ka danna. Fayil ɗin zai shiga Téléchargements, a waya za ka same shi cikin manhajar Fichiers. Buɗe shi ka bi shafi-shafi har ƙarshe, domin in reso ya yanke a tsakiya fayil kan sauka rabi ya ƙi buɗewa, gara ka gane haka tun kana gida. Canza masa suna zuwa abin da za ka tuna, kamar sunanka da irin takardar.

Wani lokaci babu fayil ɗin saukewa, shafin intanet ne kawai, kamar rasit na biyan kuɗi. Shi ma ana mai da shi PDF. A kwamfuta danna Ctrl da P tare, a wurin zaɓen firinta ka ɗauki Enregistrer au format PDF. A Chrome na waya, taɓa ɗigo ukun nan na sama, sai Partager, sai Imprimer, ka zaɓi adanawa a PDF. Yi haka tun shafin yana buɗe, domin wasu rasit ɗin in ka rufe ba ka sake ganinsu.

In za ka tura wa mai shago ta WhatsApp, taɓa alamar maƙalawa ka zaɓi Document. Abin da aka tura ta Galerie WhatsApp na matse shi ya rage masa kyau, wanda aka tura a Document kuwa yana isa yadda yake. Na fi son wannan hanya a kan kile, domin kwamfutocin shaguna da yawa na ɗauke da cutar nan da ke ɓoye jakunkuna ta bar maka gajerun hanyoyi marasa amfani, ka kwaso ka kai wa taka.

Kafin a danna Imprimer

Tsaya kusa da mai bugun ka kalli allon da idonka. Da an danna Ctrl da P, hoton yadda shafin zai fito yana bayyana a gefe, kuma abin da ka gani nan shi za ka riƙe a hannu.

Fara da yawan shafuka. Jerin sunayen waɗanda suka ci jarrabawa zai iya kai shafi 60, naka sunan yana na 14. A wurin Pages a rubuta 14 kawai, in kuma daga 14 zuwa 16 kake so, a rubuta 14-16. In aka bar shi a Tout, na'ura za ta fitar da duka, kowane shafi kuma da kuɗinsa.

Sai girman takarda. Tamu a nan A4 ce, milimita 210 da 297. Takardun da suka fito daga Amurka da Kanada kuwa a kan Letter ake tsara su, wadda ta fi A4 faɗi kaɗan, ta kuma fi ta gajarta, 216 da 279. Wannan ɗan bambanci ne ke cinye gefen rubutu. A zaɓi A4, a kuma sa Ajuster, shafin zai ɗan tsuke ya shiga daidai. Amma in kati ne ko hoton fasfo da aka ƙayyade girmansa, Taille réelle za a sa, wato ainihin girmansa. Jadawali mai faɗi a juya shi Paysage. Kala ta fi baƙi da fari tsada nesa ba kusa ba, a bar ta sai takardar da ke da hoto ko hatimi mai launi da aka ce lallai a kawo haka. Darasi mai yawa a buga shi gaba da baya, Recto verso, amma takardun dosiye kowace a fuska ɗaya. In shafukan suna da yawa, a fara fitar da ɗaya ka duba tukuna.

In firintar taka ce

Haɗa ta da wayar USB ka kunna, Windows 10 da 11 kan gane yawancin firintoci da kansu. In ba ta gane ba, karanta lambar samfurin a jikin na'urar, ka je shafin kamfanin da ya ƙera ta, HP ko Canon ko Epson, ka sauke direbanta daga can, wato ƴar manhajar da ke sa kwamfuta ta gane firintar. Mai ruwan tawada tana son aiki: a zafin Maradi da ƙurar hunturu, in ta daɗe a ajiye bakin tawadar kan bushe, don haka ka riƙa buga ko shafi ɗaya duk mako, ka kuma rufe ta da ƙyalle. Ta leza ba ta da wannan matsala, amma tana jan wuta sosai lokacin da take ɗumama, kada ka haɗa ta da ƙaramin ondulo, na'urar nan mai batir da ke riƙe wuta in an ɗauke. In kuran ya ɗauke ana cikin bugu, aikin yana nan maƙale a layin jiran bugu na cikin kwamfutar. Buɗe layin ka soke shi kafin ka sake turawa, in ba haka ba wuta na dawowa za ta fitar da tsohon da sabon.

In a shago ka buga, kuma takardar ta ƙunshi katin shaidarka, takardar haihuwa ko bayanin asusun banki, kada ka tafi sai an goge ta a gabanka: daga Téléchargements, daga Corbeille, kwandon da abin da aka goge ke taruwa, da kuma cikin WhatsApp ɗin mai shagon. In ka shiga imel ɗinka a kwamfutarsu, danna Déconnexion, domin rufe shafin kaɗai ba ya fitar da kai, wanda ya zauna bayanka zai tarar da akwatinka a buɗe.